Awarar Umma, Waken Suya da Littattafan Maganin Indiya: Zaren Tarihi

1/ Yau zaren dogo ne, kowa ya gyara zama. Magana ce a kan awara, da waken suya, da abin da ake yaɗawa wai "likitocin gargajiyar Indiya" sun faɗa a kansa. Na yi kusan sati uku ina bin diddigin zancen, kuma ina da dalilina. 🧵

2/ Dalilin nawa Ummata ce. A Hotoro muke, shekara da shekaru tana yin awara a gida, da yamma a fitar da kasko ƙofar gida. Ni ɗin nan da kuke gani ina ɗaga kafaɗa a BUK, rabin kuɗin rajistata daga wannan kaskon ya fito.

3/ Yawancin masu saye ma'aikatan kamfani ne. Bayan magariba za ka ga suna sauka daga adaidaita sahu, daga Bompai, Sharada ko Challawa, jiki duk ya yi laushi. Mutum ya sayi ta ɗari uku, a barbaɗa yaji, a yanka albasa da kabeji, ya haɗa da biredi. Naman da aljihunsa zai iya ke nan.

4/ Kwatsam sai ga wata murya tana yawo a WhatsApp, minti huɗu da 'yan kai. Wani bawan Allah, ko sunansa bai faɗa ba, yana ta rantsuwa cewa tun dubban shekaru littattafan maganin Indiya suka hana namiji cin waken suya. Wai yana kashe mazakuta, wai yana fito wa maza da nono.

5/ Cikin kwana goma ciniki ya ja baya. Umma mai jiƙa kwano huɗu ta koma biyu. Ta kira ni ta ce, "Kai da kake jami'a, duba mana maganar nan. In da cutarwa a ciki in daina, ba zan ci haƙƙin mutane ba." Wallahi wannan kalma ita ta hana ni sakat.

6/ To mu fara da Indiyar. Mu Kanawa mun santa ta fim da fassarar Algaita, amma ba mu cika leƙa littattafansu ba. Maganin gargajiyarsu mafi shahara shi ne Ayurveda, wato ilimin rayuwa. Ɗaya daga cikin manyan littattafansa shi ne Caraka Samhita, da harshen Sanskrit, ya kai kimanin shekara 2,000.

7/ A fahimtarsu abubuwa uku ke riƙe da jiki: vata, pitta da kapha. A kusantar da su da harshenmu, iska ce, da zafi, da majina. In sun daidaita lafiya lau, in ɗaya ya rinjayi sauran ciwo ya samu ƙofa. Duk wanda ya taɓa jin kakarsa na cewa "sanyi ne ya yi maka yawa" ba zai ji abin baƙo ba.

8/ Suna kuma da abin da suke kira agni, wutar ciki mai narkar da abinci. Shi ya sa kowane abinci sai sun auna shi: mai nauyi ne ko mara nauyi? Mai zafi ne ko mai sanyi? Yana busar da jiki ko yana sa maiƙo? Kuma wa zai ci, a wane yanayi, da wace irin dahuwa?

9/ Littafin ya kasa abinci gida-gida: hatsi, dangin wake, nama, ganye, 'ya'yan itace, madara da sauransu. A gidan wake, wanda ya ɗora a sama shi ne mudga, ɗan ƙaramin koren wake da yau suke kira mung. Ya ce ba shi da nauyi, ciki na karɓarsa, har mara lafiya ake ba romonsa.

10/ Akwai kuma masha, baƙin wake da suke kira urad. Shi an siffanta shi da nauyi da maiƙo, mai ƙara ƙarfi da kuzarin namiji. Amma duk da haka, a jerin abin da za a dinga ci kullum, shi aka sa a ƙarshen sahu cikin dangin wake. Kun ga ba su da "wannan guba ne, wancan waraka ne" kai tsaye.

11/ To ina waken suya a jerin? Babu shi. Na duba fassarar babin abincin, na sake dubawa, na sa wani abokina ɗan sashen harhaɗa magunguna ya duba. Akwai mung, akwai urad, akwai masur, akwai canaka, akwai riɗi. Waken suya bai shigo ba. Littafin da aka ce ya hana shi ko ambatonsa bai yi ba.

12/ Amma fa na tsinci wani abu da ya sa ni dariya ni kaɗai a laburare. Akwai wani wake a jerin mai suna rajamasha. Masana da yawa sun tafi a kan cewa shi ne wakenmu na gida. E, na ƙosai, na alale, na ɗanwake, na garau-garau.

13/ Kar ku yi mamaki. Asalin wake Afirka ne. A Kintampo ta ƙasar Gana an tono ƙwayoyinsa da suka haura shekara 3,500. Tun zamanin da ya tsallaka zuwa Indiya, kamar yadda gero da dawa suka tsallaka. Abin da suke kira bajra geronmu ne, jowar kuma dawarmu ce.

14/ Me Caraka ya ce game da rajamasha? Ya ce yana da daɗin ci, yana sakin ciki, yana da nauyi, yana tayar da iska a ciki. Wannan kam duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da wanda ya ci garau-garau zai ba da shaida. Sannan ya ce yana rage maniyyi. Tirƙashi!

15/ Wato in da gaske littafin Indiya za mu bi, mai ƙosai ya kamata a ƙaurace wa, ba mai awara ba. Alhali Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata, kuma kowa ya san ƙasar Hausa ba ta fama da ƙarancin haihuwa. Tsohon littafi abin girmamawa ne, amma ba ɗakin gwaji ba ne.

16/ Wani abin da ya ba ni mamaki: na ɗauka Ayurveda ta hana nama. Ashe a cikin Caraka akwai sashe guda a kan naman dabbobi da tsuntsaye, har ana yabon romon nama ga wanda jinya ta ramar. Ƙin cin nama a Indiya ya fi alaƙa da addini da al'ada, musamman aƙidar ahimsa ta ƙin cutar da mai rai.

17/ Kuma ba dukansu ne ba sa ci ba. A binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021, kashi 39 cikin 100 na manyan Indiyawa ne suka ce ba sa cin nama. A ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya, wannan ɗaruruwan miliyoyi ne. To da me suke gina jiki?

18/ Da dal, wato miyar wake iri-iri, a kan shinkafa ko gurasarsu. Nan akwai hikima. Furotin tubala ne da ake kira amino asid. Hatsi yana da ƙarancin wani tubali mai suna laisin, wake kuma yana da shi sosai. Wake yana da ƙarancin metiyonin, hatsi ya cike masa. In sun haɗu, gini ya tashi.

19/ Abincin jinyarsu ma, khichdi, shinkafa ce da mung a tukunya ɗaya. Ku faɗa min bambancinsa da shinkafa da wake. Ko dawa da wake, ko ƙosai da koko, ko alale da kunu. Iyayenmu ba su san laisin ba, amma tukunyarsu ta sani.

20/ Sannan suna da dabarun rage wa wake nauyi: jiƙawa, cire ɓawo, barinsa ya tsiro, ko a niƙa a bar ƙullun ya kwana ya tashi kamar yadda suke yin idli da dosa. Su zuba citta da sauran kayan ƙamshi. Mu kuma mu surfa, mu jiƙa, mu jefa kanwa. Sai dai kanwa in ta yi yawa tana lalata wasu bitamin.

21/ Kar kuma a manta, mara cin naman Indiya yana shan madara. Kindirmo, man shanu, da cukunsu mai suna paneer. Tun 1970 suka fara gagarumin shirin bunƙasa madara ƙarƙashin Verghese Kurien, yau su ne kan gaba a duniya. Duk da haka ƙarancin bitamin B12 ya yi musu yawa, don shi a abincin dabba yake, ba a wake ba.

22/ Kuma ba kowane waken gargajiya ne lafiyayye ba. Suna da wani mai suna khesari, mai jure fari. Lokacin yunwa talakawa kan dogara da shi wata da watanni, sai ya shanye musu ƙafafu. A 1961 gwamnati ta hana sayar da shi. Ashe kalmar "na gargajiya ne" ba takardar shaidar lafiya ba ce.

23/ To shi waken suya ɗan ina ne? Ɗan ƙasar Sin ne, can aka fara nomansa dubban shekaru da suka wuce. Awara kanta, da suke kira tofu, can aka ƙirƙiro ta. Labarin bakinsu yana jingina ta ga wani basarake, Liu An, wanda ya rayu sama da shekara 2,100 da suka wuce. Daga nan ta bazu Japan da Koriya.

24/ A Indiya, waɗanda suka san shi tun da can mutanen tsaunuka ne. A yankin Kumaon suna noma baƙin nau'insa mai suna bhat. A arewa maso gabas kuma suna dafa shi su rufe ya ruɓa: kinema a Sikkim, hawaijar a Manipur, akhuni a Nagaland. Mai wari, mai yauƙi, ana sawa a miya.

25/ Kun gane abin da nake nufi ko? Daddawa ce! Dangin ƙwayar bakteriya ɗaya ke aikin, Bacillus subtilis, ita ce a kalwar ɗorawa, ita ce a natto na Japan. A nan gida ma, matan Kudancin Kaduna, wajen Kafanchan, sun daɗe suna yin daddawar waken suya tun kafin awara ta yi tashe.

26/ Sauran Indiyawa kuwa sai a ƙarni na 20 suka waiwaye shi. A 1935 Mahatma Gandhi ya yi ta rubutu a jaridarsa Harijan yana kwaɗaitar da mutane, har ana dafa shi a mazauninsa na Maganwadi a Wardha. Yana neman abin da talaka mara cin nama zai gina jiki da shi. Mutane dai ba su rungume shi ba, ɗanɗanon bai yi musu ba.

27/ Sai a shekarun 1960 abin ya kankama. Jami'ar Illinois ta Amurka ta haɗa kai da jami'o'in noma na Pantnagar da Jabalpur, aka gwada irin Amurka kamar Bragg, ya yi kyau. Jihar Madhya Pradesh ta rungumi nomansa har ake mata kirari da jihar waken suya. Ku riƙe sunan Pantnagar, za mu dawo kansa.

28/ Mai suke nema. In an tatse man, abin da ya rage kusan rabinsa furotin ne. Sai a matse shi a inji ya fito curi-curi, in an jiƙa ya yi kamar tsokar nama. A taƙaice, tunkuzar waken suya ce. Yadda muke mayar da tunkuzar gyaɗa ƙuli-ƙuli, haka suka mayar da tasu "nama".

29/ Wanda ya fi shahara a ciki shi ne Nutrela na kamfanin Ruchi Soya. A 2019 wa ya sayi kamfanin? Patanjali Ayurved, kamfanin da ya yi suna da kayan Ayurveda, na su Baba Ramdev. A 2022 aka sauya masa suna zuwa Patanjali Foods. Wato masu Ayurvedar da kansu suna sayar da waken suya buhu-buhu.

30/ Yanzu mu dawo gida. Turawan mulkin mallaka sun fara gwada waken suya a Najeriya a 1908, a gonar Moor Plantation da ke Ibadan, bai yi ba. Sai a 1937 wani iri mai suna Malayan ya karɓi ƙasar Binuwai. Tibi suka zama manomansa, amma yawanci don a fitar waje, ba don tukunya ba.

31/ Kano a lokacin ba ruwanta, gyaɗa take yi. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila a 1912, gyaɗa ta zama sarauniya. Su Alhassan Ɗantata, da dalar gyaɗa da muke gani a hotuna. Masana'antun matsar mai suka taso, Bompai ta zama unguwar injina. Sharada da Challawa daga baya suka biyo.

32/ A wancan zamani furotin ɗin talakan Kano ba ɓoyayye ba ne: wake, daddawa, nono, da gyaɗa ta kowace fuska. Ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale da rama, ƙuli-ƙuli a yajin tsire, kunun gyaɗa, miyar gyaɗa. Mata a cikin gida suna matsar mai suna tara kuɗin kayan ɗakin 'ya'yansu.

33/ Sai farin farkon shekarun 1970 ya zo, a 1975 kuma cutar gyaɗa mai suna rozet ta cinye gonaki. Ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Dala ta rushe. Injinan matsar mai suka koma neman abin da za su ci, daga angurya zuwa, a hankali, waken suya.

34/ Amma waken yana da matsala a ƙasarmu: irin yana saurin mutuwa a ajiya, kuma saiwarsa na buƙatar wata bakteriya ta musamman. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, suka fitar da irin da ake kira TGx, mai iya aiki da bakteriyar da ke ƙasarmu, irin wadda wake ke amfani da ita. Baƙo ya ari kayan ɗan gida.

35/ A 1986 aka shigo da SAP zamanin Babangida. Naira ta faɗi, nama da madarar gwangwani suka fi ƙarfin talaka, tamowa ta ƙaru a tsakanin yara. A 1987 IITA da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada suka fara shirin koya wa mutane cin waken suya. Dakta Sidi Osho tana cikin jagororinsa.

36/ Nan wani Bajapane, Osamu Nakayama, ya shigo ta hannun hukumar JICA. Ya lura da yadda ake yin wara, cukun da matan Fulani ke yi da madarar shanu, su sa ruwan tumfafiya ta kama. Aka gwada dabarar a madarar waken suya, ta yi. Tofu ya samu hanyar shiga kasuwa da rigar da mutane suka saba gani.

37/ Wara kalma ce da Yarbawa ke kiran madara da cuku, daga nan muka samo "awara". Da ta iso Arewa matanmu suka yi mata nasu gyaran: ruwan tsamin kamu, ko tsamiya, ga attaruhu da albasa a ciki, a soya, a kira ta ƙwai da ƙwai. Umma ta ce tana yarinya babu ita, sai bayan aurenta ta koya wajen wata maƙwabciya.

38/ Kun tuna Pantnagar? Akwai wani masani Ba'indiye, Dakta B.B. Singh. Ya yi digirinsa na uku a Illinois, ya yi kusan shekara goma yana fitar da irin waken suya a Pantnagar. A 1979 ya koma IITA, ya karkata ga wake. Da aka buɗe reshen cibiyar a Kano a 1990, nan ya zauna shekara da shekaru.

39/ Yana cikin waɗanda suka fitar da irin wake mai nuna cikin kwana 60. Ku duba ikon Allah: wake ya bar Afirka ya je Indiya har ya shiga littafin Caraka, bayan dubban shekaru wani Ba'indiye masanin waken suya ya zo Kano yana inganta shi a gonar gwaji ta Minjibir. Wannan ita ce alaƙarmu da Indiya ta gaskiya a harkar wake.

40/ Yau je ka Dawanau ka ga buhunan waken suya. Wasu su nufi injinan matsar mai na cikin gari, wasu a fitar waje, Indiya ma tana cikin masu saye. Dusar da ta rage ita ce ginshiƙin abincin kajin gidan gona. Wato mai gudun awara ya je ya sayi kaza da ƙwai, waken suyar dai ya ci, ta bayan gida.

41/ To maganar mazakuta fa, daga ina? Waken suya yana da sinadarai masu suna aisofilabon, siffarsu ta yi kama da homon ɗin mata, istrojin, sai dai ƙarfinsu bai kama ƙafarsa ba. Tsoron ya samo tushe tun shekarun 1940, da tumaki a Yammacin Ostireliya suka daina haihuwa saboda kiwo a wata ciyawa mai irin sinadaran.

42/ Amma mutum ba tunkiya ba ne, cikinmu da abincinmu daban. A 2021 aka tattara sakamakon bincike 41 da aka yi a kan maza, aka ga waken suya bai rage homon ɗin maza na testosteron ba, bai kuma ɗaga istrojin ba. Makamancin wannan nazari na 2010 ma haka ya nuna.

43/ Don adalci: akwai rahoton likitoci na 2008 kan wani dattijo da nono ya fito masa. Da aka bincika, kusan lita uku na madarar waken suya yake sha kullum. Da ya daina, abin ya lafa. Lita uku fa! Ko zuma ka sha haka sai ta kai ka asibiti. Ina wannan ina awarar ɗari uku?

44/ Masu zuzutawa su ma su sassauta. A 1999 hukumar FDA ta Amurka ta yarda a rubuta cewa giram 25 na furotin ɗin waken suya a rana na iya rage haɗarin ciwon zuciya. A 2017 ta nemi janye amincewar, don hujjojin sun ci karo da juna. Abinci ne mai kyau, kusan kashi 40 cikin 100 furotin. Ba laya ba ce.

45/ Inda ake buƙatar kula na gaske: ɗanye ko wanda bai dahu ba yana hana narkewar furotin, sai madarar ta tafasa sosai. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa sam. Mai shan maganin tayirod ya raba lokacin magani da cinsa. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita. Kuma madararsa ta gida ba ta maye nonon uwa ga jariri.

46/ In da abin tsoro a awarar bakin titi, ba waken ba ne. Man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi ne. Alif da wasu ke zubawa ba awo don ta yi saurin kamawa ne. Ruwan da aka yi markaɗe da shi ne, da ƙurar titi, da zuba ta da zafinta a baƙar leda. Waɗannan ya kamata a yi wa murya a WhatsApp.

47/ Na zauna na warware wa Umma duk wannan, tana tace ƙullu tana saurare. Da na zo kan rajamasha ta ajiye abin tatar ta yi dariya har da ƙwalla. Ta ce, "To kar ka bari mai ƙosai ta ji." Da na zo kan mai kuma ta yi shiru, ta ce, "Wannan kam gaskiya ne, tsadarsa ce ke sa mu maimaitawa."

48/ Tun daga ranar ta rage yawan man da take zubawa a kasko don ta dinga sauyawa, ta sayi roba mai murfi. Ribar ta ɗan ragu. Masu saye wasu sun dawo, wasu har yanzu suna wucewa suna kawar da kai. Wani ma da daddare yake aiko yaro, kar abokansa su gani. Allah Ya kyauta.

49/ Ni ban ce kowa ya bar nama ba, halal ne, in Allah Ya hore a ci. Amma mutumin da ya wuni a tsaye gaban inji a Challawa, albashinsa bai kai kilon nama a sati ba, ka tsorata shi da abin da ke gina masa jiki, ka bar shi da gayan biredi da lemon kwalba, me ka yi masa ke nan?

50/ Kuma a bayan kowane kasko akwai gida. Akwai kuɗin makaranta, akwai adashe, akwai marayu. Mai muryar nan ya yi minti huɗu ya tafi abinsa, mata nawa ya rage wa kwano a Hotoro, Kawo, Giginyu da Tarauni? Ku da kuka tura wa guruf goma ba ku bincika ba, kuna da kaso.

51/ Nan gaba in an ce muku "Indiyawa sun ce" ko "Turawa sun gano", ku yi tambaya uku: wane littafi, wane babi, wa ya gwada? Mai gaskiya zai nuna. Ɗaliban likitanci da na abinci da ke nan, in na yi kuskure ku gyara min a ƙasa, ɗalibi ne ni.

52/ Nan na tsaya. Ku yaɗa zaren ya kai inda muryar ta kai, musamman guruf ɗin dangi. Wanda hanya ta biyo da shi Hotoro bayan la'asar, kaskon Umma na kan wuta, yaji kyauta ne. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.